Ɗan ƙwaron gindin randa da abin da yake faɗa game da danshi

Duk gidan da ake girke randa a kan yashi, a birnin Katsina ne ko a Daura, akwai wasu ƙananan halittu da suka tare a gindinta ba da sanin masu gida ba. Sai ranar da aka kawar da randar za a ɗauraye ta a ga sun watse: launinsu toka-toka, babbansu bai cika wuce santimita 2 ba, bayansu a lulluɓe da ɓawo gaɓa-gaɓa. Wasu su ruga su shige tsagar bango, wasu su dunƙule su yi lamo. Yara su bi su da takalmi, uwar gida ta aika a sayo fiya-fiya. Ana samun su a ƙarƙashin turmin da ya daɗe a wuri ɗaya, da bakin kwata, da bayan makewayi, da cikin jujin taki, da ƙarƙashin bulon da aka yasar tun damina. Ba za ka gan su a tsakiyar tsakar gida da rana ba, ballantana a tudun gona da rani. Masana suna kiran danginsu Oniscidea. A nan zan kira shi ƙwaron danshi.

Ƙasarmu ƙasar fari ce. Ruwan da ke sauka a yankin Katsina da Daura yakan tsaya tsakanin milimita 500 zuwa 800 a shekara, kusan dukansa daga Yuni zuwa Satumba. Da hunturu laimar iska takan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, leɓe ya tsage, kaushi ya ɓarke. A Afrilu kuma zafi ya kai digiri 40. Ga halittar da busasshiyar iska ke iya kashewa cikin sa'o'i ko yini guda, amma tana hayayyafa a gidajenmu shekara da shekaru. Ruwa ba ya tsami banza. Duk inda ka gan ta, akwai danshin da ya ɓuya a wurin, kuma a ganina wannan shaida da take bayarwa ta fi duk wata ɓarna da ake jingina mata.

A fara da ƙirga ƙafafunsa. Kyankyaso da tururuwa da fara da sauro duk ƙafa 6 gare su. Gizo-gizo da kunama 8. Ƙwaron danshi 14 gare shi, 7 a kowane gefe. Kaɗandoniya ma tana naɗewa in an taɓa ta, amma ba su haɗa dangi na kusa ba. 'Yan uwansa su ne ƙaguwa da jatan lande da sauran masu ɓawo na cikin ruwa. Masana ilmin halittu sun nuna cewa asalinsa teku ne, kuma har yau dubban danginsa suna can. Akwai wani a can ƙarƙashin teku mai suna Bathynomus da tsawonsa ke wuce santimita 30, amma siffarsa sak ta namu na gida. Akwai Ligia da ya tsaya a bakin gaɓa, tsakanin duwatsun da igiyar ruwa ke fantsama wa, bai koma ruwa ba, bai kuma yi nisa da shi ba. An san nau'i sama da 3,500 da ke rayuwa a kan ƙasa, daga dazuzzukan Turai zuwa kogon dutse zuwa hamada, kuma a duk dangin ƙaguwa babu wanda ya kai su samun gindin zama a tudu. Sai dai da jiki irin na ruwa suka hauro, jikin nan kuwa shi ke yanke musu inda za su zauna.

Matsala ta farko fata ce. Ƙwari irin su kyankyaso da buzuzu Allah ya lulluɓe jikinsu da wani siririn kaki mai hana ruwan jiki fita, shi ya sa za ka ga buzuzu yana harkarsa a kan yashi da rana tsaka. Ƙwaron danshi bai samu wannan kariya yadda suka samu ba. Ɓawonsa yana da tauri, don akwai alli a cikinsa irin na ƙwanson katantanwa, amma ruwa na ratsa shi. Tsakaninsa da kyankyaso bambancin randa ne da jarka: jarka takan riƙe ruwanta ko an bar ta a rana, randa kuwa tana tsatsafo da shi ta jikinta dare da rana, iska na kwashewa. Tsatsafowar ce ke sanyaya ruwan randa, shi ma ƙwaron takan ɗan rage masa zafi. Amma randa tana da mai cika ta kullum safiya, shi kuwa ɗan ruwan da ke jikinsa bai taka kara ya karya ba, kuma gwargwadon ƙanƙantar jiki gwargwadon saurin bushewarsa.

Ta biyu numfashi ne, kuma wannan ana iya ganin sa da ido. Ɗauki ɗaya a hankali ka juya shi rigingine a tafin hannunka. Ƙafafun za su yi ta wutsil-wutsil. Ka bar su ka dubi ƙarshen cikinsa, bayan ƙafafu na ƙarshe. Za ka ga wasu 'yan faifai sirara a jere, wannan ya hau kan wannan, suna ɗan ɗagawa suna sauka. Da su yake numfashi. A jikin 'yan uwansa na teku, su ne ke tato iska daga cikin ruwa, irin aikin da jan naman nan na ƙarƙashin kumatun kifi yake yi, kuma iskar oksijin ba ta ratsa su sai suna jiƙe. In sun bushe, ƙwaron zai shaƙe ko da yana tsakiyar fili. A wasu nau'o'in, musamman waɗanda suka fi jure fari, za ka ga ɗigo-ɗigo farare a kan faifan. Waɗannan 'yan ramuka ne masu rassa a ciki, cike da iska, wato wani ƙaramin huhu. Sun taimaka ƙwarai, sai dai a mafi yawan nau'o'in ƙofarsu ba ta da marufi, saɓanin ta ƙwari da ke buɗewa ta rufe, don haka kowane numfashi da ɗan ruwan da yake tafiya da shi. In ka gama kallo, mayar da shi inda ka ɗauko shi.

To daga ina yake mayar da abin da yake ta asara? Mafi yawa daga abincinsa, ruɓaɓɓen ganye mai laima. Yana sha da baki. Yana kuma sha ta baya: 'yan tsinken nan biyu da suka fito a ƙarshen jikinsa, idan ya haɗe su ya dangwala a ɗigon raɓa, ruwan yakan hau tsakaninsu da kansa. Akwai wasu magudanai sirara da suka bi gefen jikinsa ta gindin ƙafafu, su ke rarraba ruwa har ya isa faifan numfashi. In laimar iska ta kai wajen kashi 90 cikin 100, yadda take a ƙarƙashin dutsen da ya kwana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, nau'o'i da yawa suna iya zuƙo ruwa daga iskar kanta. Hatta dattin jikinsa mafi yawa a matsayin iskar amoniya yake fita, shi ya sa inda suka yi cincirindo sosai akan ji ɗan zarni.

Wurin haihuwa ne asalin ya fi fitowa fili. Ƙaguwar tudu ta bakin teku, komai nisan da ta yi, sai ta koma ruwa ta saki 'ya'yanta. Macen ƙwaron danshi ta huta da wannan tafiya don tana ɗauke da nata ruwan. A ƙarƙashin ƙirjinta akan samu wata jaka cike da ruwan jikinta, a ciki ƙwai ke zama makonni har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan sukan fito farare da ƙafa 12 kacal, sai sun yi saɓa sannan ragowar 2 su fito. A wannan lokaci ne suka fi rauni, don fatarsu ba ta yi ƙwari ba, bushewa kaɗan a maɓoyarsu ta isa ta share su. Wannan yana da amfani ga mai lura: inda ka ga manya kawai, ta yiwu baƙi ne suka rakuɓe na ɗan lokaci, inda ka ga manya da ƙanana farare tare, danshin wurin ya daɗe bai yanke ba. Saɓar ma kashi biyu suke yin ta, rabin baya tukuna, bayan kwana ɗaya ko 'yan kwanaki rabin gaba. In ka ga wani rabinsa toka rabinsa fari-fari, yana tsakiyar saɓa ne, kuma sau da yawa yakan cinye tsohon ɓawon don ya maido allin da ke ciki. Wanda ya tsira daga kaji da kwaɗi da jaɓa da shanshani yakan yi shekara 2 zuwa 3.

Yadda yake gano wuri mai laima shi ne abin da ya fi burge ni. Mutum zai zaci yana sansano ruwa daga nesa ya nufe shi. A 1937 wani masani ɗan Birtaniya, D. L. Gunn, ya lura da tafiyar wani nau'i mai suna Porcellio scaber a cikin iska mai laima daban-daban, ya ga lamarin ya fi haka sauƙi. A busasshiyar iska ƙwaron ba ya tsayawa, tafiya yake ta yi. Da zarar ya faɗa iska mai laima sai saurinsa ya ragu, ya riƙa tsaitsayawa, daga ƙarshe ya kwanta. Ba sai ya san inda ruwa yake ba. Ƙafarsa ce ba ta hutawa sai a inda ya dace da shi, don haka a ƙarshe duk can suke taruwa.

Malamin kimiyya a kowace sakandare, ta Katsina ce ko ta Mani ko ta Sandamu, zai iya nuna wa ɗalibansa wannan ba tare da ya nemi ko kwabo ba. A samo tire mai ɗan zurfi, a shimfiɗa yashi, a yayyafa wa rabi ruwa a bar rabi a bushe. A ɗora kwali a gicciye ya rufe rabin kowane ɓangare, sai a samu kusurwa 4: laima da duhu, laima da haske, bushewa da duhu, bushewa da haske. A zuba ƙwari 10 ko 20 a tsakiya, a ba su minti 15, a ɗaga kwalin a ƙirga. Mafi yawa za a same su a kusurwar laima da duhu. A juya tiren a sake, don a tabbata ba hasken taga ne ya kore su gefe ɗaya ba. Yaron da ya ƙirga da kansa ya ga haka ya san abin da ake nufi da gwaji, kuma ina jin takaici idan na ga ana koyar da wannan darasi da alli da allo kawai alhali kayan aikinsa suna bayan ajin.

Sauran ɗabi'unsa duk wuri ɗaya suka dosa. Yana gudun haske, don inda rana ta taɓa nan ke fara bushewa. Yana son ya ji jikinsa ya matsu sama da ƙasa, shi ya sa yake cusa kansa a tsaga maimakon ya zauna a sarari ko da sararin na da laima. Yana son cunkoso: idan suka hau kan juna, fatar da iska ke taɓawa ta ragu, kowa ya rage asara, kuma warin kashinsu yakan jawo wasu zuwa maɓoya ɗaya. Masu dunƙulewa kuwa, dunƙulewar tana kare su daga mai neman cinye su, tana kuma rufe cikin nan mai laima daga iska. Da dare yake fita kiwo, lokacin da iska ta yi sanyi laimarta ta ƙaru.

Kada a ɗauka ruwa yake so ya yi yawa. Danshi yake nema, ruwa kuwa nutsar da shi yake yi. Jikin da ke sakin ruwa da sauri yana kuma shan sa da sauri, har ya yi masa yawa. A watan Agusta, idan aka kwana ana ruwa ƙasa ta ƙoshi, duk ramukan da yake ɓuya suka cika, sai ya tsere ya hau sama. Lokacin ne ake ganin su a jikin katanga da dokin ƙofa, har su shigo ɗaki, mutane su ce damina ce ta kawo su. Suna nan tun da. Ruwa ne ya kore su daga gidajensu. Rayuwarsu duka a wannan siririyar tazara take, tsakanin ƙasar da ta jiƙe sharkaf da wadda ta bushe ƙamas.

Idan aka bi shekararmu da wannan ma'auni, za a ga yadda duniyarsu ke buɗewa tana tsukewa. Da damina suna ko'ina: gindin bedi, ƙarƙashin ciyawar da aka nome aka tara, bakin kududdufi. Da kaka, raɓa tana riƙe su na ɗan lokaci a ƙarƙashin kara da harawa. Iskar hunturu na kaɗawa sai su fara ja da baya, su nutsa cikin tsagar ƙasa da ramukan da saiwa ta ruɓe ta bari, wasu su mutu, wasu su takure su rage motsi. Daga nan har bazara, wuraren da suka rage musu kusan duka hannun mutum ne ya samar da su: gindin randa, bakin rijiya inda guga ke zubarwa, ƙarƙashin famfon da ke ɗiga, jujin da ake zuba ruwan wanke-wanke, da lambuna. Akwai wani nau'i, Porcellionides pruinosus, mai ɗan fari-fari a baya da saurin gudu, wanda ya bi taki da kayan mutane ya bazu a kusan duk ƙasashe masu zafi, kuma juji da turke ne gidansa.

A wani lambu kusa da madatsar ruwan Ajiwa, da rani, na ga wani dattijo yana ɗaga buhunan da ya shimfiɗa a kan fangalin irin tumatir. Ƙarƙashinsu ƙwarin sun yi baƙi, manya da ƙanana. Na ce, "Baba, ba sa yi maka ɓarna?" Ya sa yatsa ya tona ƙasar, ya damƙo kaɗan ya matse ta dunƙule, ya ce, "Malam, in na ɗaga na gan su haka, ban ba da ruwa a ranar. In na ɗaga na ga wayam, to na makara." Sannan ya nuna min fangalin gefe wanda bai rufe ba, samansa ya yi ɓawo ya tsattsage, ko ɗaya babu a ciki. Ruwa ɗaya ake ba su, daga inji ɗaya.

Wanda ya fi kowa nuna iyakar abin da dabara ke iya yi shi ne na hamada, Hemilepistus reaumuri, da ake samu a busassun yankunan Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, har da hamadar Negeb. Ruwan da ke sauka a can bai kai rabin namu ba, amma yana nan da yawa. Fatarsa ta fi ta sauran riƙe ruwa, sai dai wannan kaɗai ba ta isa ba. Rami yake haƙawa mai zurfin santimita 40 zuwa 50, har ya kai inda ƙasa ke da sauran laima, inda zafin rana ba ya isa. Da yake ƙasa ba ta haƙuwa sai tana da taushi, wanda ya rasa rami bayan ta bushe ya halaka, don haka ramin ya zama dukiyar da ake tsaro. Namiji da mace sukan haɗu su zauna tare ba sa canza juna. Ɗaya ya fita neman abinci, ɗaya ya toshe ƙofa da jikinsa. Suna kawo wa 'ya'yansu abinci cikin rami, suna fitar da kashi su zubar a bakin ƙofa. Wani masani Bajamushe, Karl Eduard Linsenmair, ya shafe shekaru yana nazarinsu, ya nuna cewa kowane gida yana da warinsa, kuma da shi mai gadi ke bambance ɗan gida da baƙo. Darasin a wurina shi ne ko wanda ya fi kowa juriya a cikinsu bai rabu da bukatar danshi ba, nemo shi ya yi a ƙarƙashin ƙasa. Wani masanin kuma, J. L. Cloudsley-Thompson, da ya koyar a Jami'ar Khartum daga 1960 zuwa 1971, ya yi nazarin ƙwarin danshi na ƙasar Sudan, wadda yanayinta ya yi kusa da namu.

Aikin ƙwaron danshi a ƙasa shi ne cin abin da ya mutu: ganyen da ya faɗo, itacen da ya riga ya ruɓe, funfuna, kashin dabbobi. Yana gutsuttsura su ƙanana, ya fitar da su a kashinsa, ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su ƙarasa su mayar da su taki. Ba zan zuzuta shi fiye da kima ba. A busasshiyar ƙasa irin tamu, gara ce ke yin mafi yawan wannan aiki, don ita tana gina wa kanta hanya rufaffiya ta tafi da laimarta duk inda za ta. Ƙwaron danshi ma'aikacin wurare masu laima ne kawai, juji da lambu da gindin itace, amma a can yana aiki sosai.

Ɓarnarsa kaɗan ce. Ba ya cizo, ba ya harbi, ba a san shi da yaɗa wa mutum cuta ba. Ba ya cin hatsi busasshe a rumbu, ba ya cin azara mai lafiya. In ka gan shi a jikin azara, ruwa da funfuna sun riga shi zuwa. Inda suka yi yawa ƙwarai sukan ɗan gaigayi tsiron da ya fito yanzu, ko tumatir ɗin da ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa, kuma a ƙasar Ajantina, inda ake shuka waken suya ba tare da huɗa ba a bar tarkacen gona a kai, wani nau'i mai dunƙulewa ya zama abin damuwa ga manoma. A lambunanmu maganin wannan shi ne a janye abin rufin daga jikin tsiro kaɗan, a kafa wa tumatir sanda.

A cikin gida, abin da ya kamata a tambaya shi ne daga ina ruwan yake. A gindin randa amsar a fili take, kuma babu laifi. A rufe bakin randar, a riƙa sauya yashin. Amma idan ana ganin su a ɗakin kwana ko falo da rani, watanni bayan ruwan ƙarshe, akwai abin dubawa. Ko bututu ya tsage a ƙarƙashin daɓe ko bayan tayil. Ko sokawe ya cika yana tsatsafowa. Ko kwatar maƙwabta tana jiƙa gindin katanga. Da damina kuwa, sau da yawa indararo ne ke zuba dab da bango. A ginin ƙasa wannan ba ƙaramin abu ba ne, don bangon da gindinsa ya sha ruwa shi ke zubewa idan Agusta ta zo, kuma kusan kowace shekara ana jin labarin gidajen da suka rufta. A ginin bulo ma danshi na hawa ta ƙasa idan ba a shimfiɗa leda kafin daɓe ba, fenti ya riƙa kumbura, ɗaki ya riƙa warin funfuna. Wanda ya zazzaga fiya-fiya ya kashe waɗanda ya gani, ya shaƙa wa iyalinsa guba, ruwan kuma yana nan yana aikinsa. A nemi magini ko mai gyaran famfo, a bi inda ƙwarin suka fi yawa, a nan za a fara tono. Da zarar wurin ya bushe za su tafi da kansu, waɗanda suka maƙale a busasshen ɗaki kuma ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu.

Akwai wani amfani da ɗalibanmu na kimiyya za su iya cin moriyarsa. Ƙwaron danshi yana tara ƙarafa masu guba da ya ci tare da abincinsa, irin su dalma da tutiya da kadmiyam, a cikin wata gaɓa mai aikin hanta, ba tare da sun kashe shi nan da nan ba. Tagulla kuwa yana bukatar ta, don da ita jininsa ke ɗaukar iska. Saboda haka masana a Turai suka daɗe suna tara su a kusa da wuraren narka ƙarfe su auna, su gane yawan gubar da ke shiga jikin halittu a wurin. Wasu kan ce yana tsarkake ƙasa. Ajiye gubar yake yi, in ya mutu ko aka cinye shi ta koma. Amma a matsayin abin awo yana da arha, ga shi ba ya nisa da inda aka haife shi. Bayan abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010, ba ma bukatar a faɗa mana muhimmancin sanin abin da ke cikin ƙasarmu. Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma zai iya kwatanta na lambun da ake shayarwa da ruwan dam da na wanda ake shayarwa da ruwan da ya ratso gari.

Ga manomin tudu, abin da ƙwaron ke nema shi ne abin da saiwar gero ke nema idan ruwa ya ɗauke mako biyu a tsakiyar damina: inuwa a kan ƙasa, ruɓaɓɓen ganye, da ramukan da ke riƙe laima. Gonar da aka kwashe karanta ƙaf, aka share aka banka wa sauran wuta, rana da iska suna tsotse ta har ƙasa. Na san kara abincin dabbobi ne, makamashi ne, danni ne, ba a cewa talaka ya bar shi duka. Amma maƙwabtanmu na Maraɗi, tun shekarun 1980, sun nuna abin da ke faruwa idan aka bar kututture ya toho aka riƙa gyara shi maimakon a sare: gonaki suka sake cika da gawo da kalgo da sabara, ganye na zuba, iska ta rage kwashe ƙasa.

Mai son ya san wane ɓangare na gonarsa ko lambunsa ne ke riƙe ruwa zai iya gwadawa da tsohon buhun algarara. A yanka shi gida-gida, a jiƙa, a ajiye ɗaya a gindin gawo, ɗaya inda aka bar kara a kwance, ɗaya inda aka zuba taki, ɗaya a fili tsirara, a danne kowane da dutse. A bar su kwana 2 ko 3, a zo da sassafe kafin rana ta ɗaga a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a ƙirga. Ƙarshen damina ne lokacin da ya fi dacewa, sa'ad da ƙasa ta fara bushewa amma ba ta gama ba. A maimaita bayan mako 2, sannan bayan wata guda. Ɓangaren da ƙwarin suka fara ɓacewa shi ne ya fi bukatar taki da abin rufi. Wanda suka daɗe a ciki, musamman in da ƙanana farare, nan ya kamata a sa shukar da ta fi son ruwa baɗi.